Busasshen tumatir a girkin yau da kullum: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara da zarar ruwan farko ya sauka, kwandon tumatir ya fara tsada, sai tambayoyi iri ɗaya su dawo, daga amare, daga masu sayar da abinci, har da gwaurayen da ke girka wa kansu. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa a nan. Ƙorafin da ake yi kan busasshen tumatir bai wuce uku ba: ƙasa, baƙi da tsami. Sau da yawa kuwa daga wurin shanya da wurin wanki suke farawa, shi ya sa na fi daɗewa a kansu.

Mene ne bambancin busasshen tumatir da kauɗa?

Abu ɗaya ne. Kauɗa sunan da 'yan kasuwa da yawa ke kiransa ke nan, kamar yadda ake ce wa goron da ya bushe. Tumatir ne aka yayyanka aka baza a rana har ruwan jikinsa ya ƙone.

Yawancinsa daga noman rani yake fitowa. Tsakanin Janairu da Maris tumatir kan cika wuraren da ake ban ruwa, irin su Kadawa da Kura da Bunkure da ke shan ruwan madatsar Tiga a Kano, da Ɗanja a Katsina, da kewayen Zariya. A irin wannan lokaci idan kika bi ta Kwanar Gafan, kan hanyar Kano zuwa Zariya, za ki ga kwanduna jere sun fi ƙarfin motocin da ke ɗauka zuwa Legas. Tumatir ba ya jira. Abin da manomi bai sayar ba cikin 'yan kwanaki, ko ya yanka ya shanya ko ya zubar. Wanda aka shanya ɗin shi ne ke riƙe tukwane daga Mayu zuwa tsakiyar damina. A 2016, da tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, gidaje da yawa da ba su taɓa sayen kauɗa ba a shekarar suka koyi girka ta.

Yaya zan gane mai kyau a kasuwa?

Kada ki saya daga kallon saman buhu. Ki sa hannu ki ɗebo daga ciki. Mai kyau ja ne mai duhu kamar zoɓo, idan kika lanƙwasa shi zai ɗan yi taushi ko ya karye tsaf, kuma yana ƙamshin tumatir mai ɗan zaƙi. Wanda ya yi baƙi ƙirin, ko dai ruɓaɓɓe aka shanya, ko ya daɗe a ajiye, ko ruwa ya taɓa shi. Idan ya yi danƙo yana manne wa ɗan'uwansa, bai gama bushewa ba, kuma kuɗin ruwa za ki biya. Farin abu kamar auduga a jikinsa funfuna ce, ki bar shi komai arharsa.

Sai ki girgiza abin da kika ɗebo a tafin hannu ki duba me ya zubo. Ɗan ƙura ba komai, duk abin da ya sha hunturu sai ya kwaso ta. Amma yashi da tsakuwa da kashin awaki suna gaya miki a ƙasa tsirara aka baza shi. Wanda aka shanya a kan tabarma ko buhu ya fi tsada kaɗan, kuma ya cancanci kuɗinsa. Ki tambayi mai kayan kai tsaye: "Malam, na bana ne ko na bara?" Na bara ya fi arha, ya kuma fi baƙi.

Nawa zan ɗiba a madadin ɗanye?

Ƙasa da yadda idonki ke gaya miki. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗanyen tumatir ruwa ne, shi ya sa sai an yanka kilo 10 ko fiye kafin a samu kilo ɗaya na busasshe. Cikin hannu biyu ya ishi miyar gida mai mutum shida idan za a haɗa da tattasai da albasa. Mai zuba shi da yawa ita ce ke dawowa da ƙorafin tsami.

Na wanke shi sau uku amma har yanzu miyar tana ƙasa-ƙasa. Me nake yi ba daidai ba?

Kina wanke shi ne yana bushe. Lokacin da aka baza tumatirin yana da danshi, yashin ya manne a cikin naman, da ya bushe kuma ya nannaɗe ya rufe shi. Ɗauraya ta sama ba ta kai wa can. Sai ya jiƙu ya buɗe kafin ya saki abin da ya riƙe.

Ga yadda nake yi. Na fara tsince shi a faranti kamar shinkafa, in cire kara da tsakuwa da baƙaƙen. Sai in ɗauraye shi sau biyu da ruwan sanyi, da sauri, don ƙurar sama. Daga nan in zuba masa ruwan zafi a roba mai zurfi, in rufe, in bar shi minti 20 zuwa 30. Idan ya kumbura sai in murza shi da yatsu a cikin ruwan, guda-guda in da hali. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne a tsame shi da hannu zuwa wata robar. Kada a juye shi a kwando, domin yashin da ya kwanta a ƙasa zai biyo ruwan ya sake sauka a kansa. Haka za ki yi ta tsamewa daga ruwa zuwa ruwa har ki shafa gindin robar ki ji babu komai.

Ni ma da kunya na koyi wannan. Watana biyu da aure uwar mijina ta zo, na yi mata shinkafa da miya da kauɗar da na saya da rahusa. Loma ta farko na ji ƙaras a bakinta daga inda nake zaune. Ba ta ce komai ba, ta cinye. Da la'asar ta ce, "'Yata, ɗauko min sauran tumatirin nan da roba biyu." Ta zauna a kan tabarma ta wanke shi a gabana, ta nuna min yashin da ya kwanta, ya kai cokali guda. "Shi ba a juye shi," in ji ta, "tsamo shi ake yi."

Ruwan da na jiƙa shi a ciki, in zubar ko in yi miya da shi?

Ya danganta da inda aka shanya. Na kasuwa, ruwan jiƙon farko na zubarwa ne, ko da kin ga ya yi ja yana ba ki sha'awa. Bayan ya fita tas, ki ɗora shi a wuta da sabon ruwa ya tafasa kamar minti 10. Wannan ruwan na biyu da shi za ki markaɗa. Tafasawar tana ƙara masa laushi, tana kuma maganin abin da ya kwaso a filin shanya. Wanda kika shanya da kanki a wuri mai tsabta kuwa, ɗauraya ɗaya ta isa, ruwan jiƙonsa ma kayan daɗi ne, ki zuba a sanwa.

Me ya sa miyata take yin baƙi?

Dalili uku ne, kuma sau da yawa suna haɗuwa. Na farko tumatirin ne da kansa, an yi bayaninsa a amsar zaɓe a kasuwa: abin da ya yi baƙi a buhu ba zai yi ja a tukunya ba. Na biyu wuta. Zaƙin tumatir goma ya taru a ɗaya, don haka yana saurin kamawa ya ƙone. Wadda ta saba cika wa ɗanyen markaɗe wuta don ruwansa ya tsotse, idan ta yi wa busasshe haka, kafin ta juya ya kama gindin tukunya ya yi ɗaci. Na uku kanwa, ita ma tana dusashe launi.

Ko mai kyau ne, jansa ba zai kai na ɗanye ba, kada ki wahalar da kanki. Tattasai ne ke ɗaga launin. Idan akwai ɗanye, guda huɗu ko biyar a markaɗen sun isa. Idan shi ma ya yi tsada, busasshen tattasai mai kyau yana riƙe jansa fiye da tumatir, ki jiƙa su tare. Cokali ɗaya na tumatirin leda ko na gwangwani, a soya shi a mai kafin a zuba markaɗen, yana gyara fuska. Manja ma haka. Masu sayar da abinci da dama da haka suke fita damina, mai ci bai taɓa ganewa ba.

To tsamin fa? In sa kanwa?

Ana sawa, ni dai ba na so. Kanwa tana kashe tsami nan take, amma tana tafiya da ɗanɗanon tumatirin, tana lalata wasu sinadaran amfani, kuma in ta yi yawa ana jin ta a harshe. Idan dole ne, ɗan ruwan jiƙaƙƙiyar kanwa kaɗan, ba dunƙulen ba.

Abin da ya fi shi ne albasa mai yawa da haƙuri. Ki soya albasa a mai har ta yi laushi ta fara zaƙi, sannan ki zuba markaɗen ki rage wuta. Karas ɗaya ko yankin kabewa a cikin markaɗen ma suna kwantar da tsami ba tare da kowa ya san an sa ba.

Yaya ake miyar dage-dage da shi daga farko har ƙarshe?

Ki wanke, ki jiƙa, ki tafasa kamar yadda aka faɗa a sama. Ki markaɗa shi da tattasai da attaruhu da albasa babba ɗaya. In inji za ki kai, ki kai shi da laushinsa, mai markaɗe zai gode miki. In turmi ne, ki tsane ruwan tukuna, ya fi dakuwa. Ki ɗora mai, ki yanka wata albasar ki soya, ki zuba markaɗen. Zai yi kauri tun daga farko, ba kamar na ɗanye ba, don haka ki tsaya a kansa da ludayi, wuta kaɗan. Bayan kamar minti 15 za ki ga mai ya taso ya kewaye gefen tukunya, ƙamshin ya sauya daga tsami-tsami zuwa na soyayyar miya. A nan za ki zuba ruwan nama, gishiri, magi, citta, tafarnuwa da ɗan masoro, ki mayar da naman, ki rufe ya ɗan ƙara nuna.

Ribarsa ita ce lokaci da makamashi. Ɗanyen markaɗe sai ya daɗe yana tafasa kafin ruwansa ya ƙone, wannan kuwa rana ta riga ta yi miki aikin. Mai girki da gas ko gawayi za ta ga bambanci a ƙarshen wata.

Yana yin dafa-duka?

Sosai ma, a ganina nan ya fi yin kyau. Ɗanɗanonsa mai zurfi ne, yana shiga shinkafa, kuma da yake ba ya kawo ruwa, ba ta caɓewa. Ki soya markaɗen sosai kafin ki tsayar da ruwa, ki ƙara busasshen kifi da daddawa kaɗan. Launin zai fi karkata zuwa ja mai duhu. Idan na biki ne ake son ta yi jawur, koma amsar baƙin miya. Dafa-dukan taliya da faten wake da faten tsaki duk hanya ɗaya ce.

Ana sa shi a miyar kuka ko kuɓewa?

Gida-gida ne. Wasu ba sa kai tumatir kusa da kuka ko kaɗan, daddawa da barkono da nama sun ishe su. Masu sawa kuma kaɗan suke sawa a sanwa, kuma garin busasshen tumatirin ya fi dacewa da wannan. Ki kula da busasshiyar kuɓewa: tsami yana rage mata yauƙi, saboda haka rabin cokali ya isa.

Inda ya fi nuna kansa shi ne miyar taushe. Zaƙin kabewa da maiƙon gyaɗa suna son abu mai ɗan tsami, har kina iya rage yakuwa. Haka miyar gyaɗa da ta agushi da ta zogale.

Na ga ana sayar da garinsa. Ya fi kyau in saya ko in daka?

Ki daka naki. Garin kasuwa ba ki ga abin da aka niƙa ba, yashin da ke ciki kuma babu yadda za a yi ya fita. Ki wanke na guda-guda tas, ki sake baza shi a tire a rana kwana ɗaya ko biyu har ya bushe ƙayau, yana karyewa. Sai ki daka, ki tankaɗe da rariya, ki mayar da tsakin turmi. Idan ya ƙi dakuwa yana dunƙulewa, da sauran danshi.

Gari yana da daɗin aiki: ki dama cokali biyu da ruwan ɗumi, ki bar shi minti biyar, ya zama kamar na gwangwani. A Sudan da gabashin Chadi garin busasshen tumatir kayan miya ne na kullum, tare da garin kuɓewa da busasshen nama, ba sai an shiga tsada ake nemansa ba. Yana kuma shiga yaji. Ɗan kaɗan a yajin ɗanwake ko na garau-garau yana ba shi wani ɗanɗano da mutane za su yi ta tambaya me kika sa.

Banda miya, me kuma zan yi da shi?

Wanda ya jiƙu ya yi laushi, ki yanka shi ƙanana ki soya da albasa ki fasa ƙwai a kai. Ya fi ɗanye a nan, don ba ya sa ƙwan ya yi ruwa. Ki zuba shi a markaɗen alala. Ki yanka a dambun shinkafa tare da zogale. A kwaɗon zogale ko na rama ma yana shiga, amma fa sai wanda aka tafasa, tunda kwaɗo ba ya komawa wuta. A farfesu guda uku ko huɗu sun isa su ba romon jiki. Ɗaliban da ke kwana a makaranta, garin nan a ƙaramar kwalba ya fi musu komai sauƙi.

Na ga wani a kwalba cikin mai a manyan kantuna, da tsada. Iri ɗaya ne da namu?

Asalinsu ɗaya, sarrafawar ce ta bambanta. Wancan al'adar kudancin Italiya ce, wuraren Sisili da Kalabiriya. Suna raba tumatirin biyu, su barbaɗa gishiri, su shanya, amma ba sa bari ya bushe ƙayau. Sai su jiƙa shi da ruwan binega su zuba a man zaitun. Shi ya sa ake cinsa haka nan da burodi ko a yanka a taliya da salak. Namu an busar da shi ne don ya kai wata da watanni a buhu, na dafawa ne. In kin sayi na kwalbar, ki rage gishirin girkinki, man da ke ciki kuma kada ki zubar, ki soya albasa da shi.

Masu son gwada irinsa a gida su yi hattara. Tumatirin da aka jiƙa, musamman in an haɗa da ɗanyar tafarnuwa, aka nutsar a mai aka ajiye a ɗaki, yana iya haifar da ƙwayar cuta mai guba wadda ba a gane ta da wari ko ɗanɗano. Ki yi kaɗan, ki sa a firji, ki cinye cikin kwana uku ko huɗu. Da irin wutar lantarkinmu, ni ban ga dalilin yin da yawa ba.

Yana da amfani a jiki kamar ɗanye?

Wani ya ragu, wani ya taru. Bitamin C ba ya jure rana da zafi, yawancinsa yana tafiya. Sinadarin laikofin, wanda ke ba tumatir jansa, yana saura, kuma jiki ya fi ɗaukarsa idan an dafa da mai. Fotasiyam ma yana taruwa sosai, don haka mai ciwon ƙoda da likita ya ce ya rage shi, ya tambaya kafin ya yawaita ci.

Ina so in shanya nawa bana. Yaushe, kuma yaya?

Lokacin da ya fi arha shi ne lokacin da ya fi bushewa, wato cikin hunturu zuwa farkon bazara, iska ba danshi. Ki sayi mai tauri, dogon nan mai nama da ƙarancin ruwa, wanda ya nuna amma bai lugwigwita ba. Kada kwaɗayin arha ya sa ki sayi fasasshe da niyyar shanya, shi ne ke komawa baƙi. Ki wanke, ki bari ya tsane, ki yanka shi kamar kaurin ɗan yatsa ko ƙasa da haka, duk kai ɗaya don su bushe tare.

Ki baza shi a kan abu mai tsabta da ke sama da ƙasa: tire, ko raga a kan katako, ko sabuwar tabarma a kan tebur. Kowane yanki ya samu wurinsa, gefen da aka yanka yana kallon sama. Ki rufa masa gidan sauro ko yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura. Barbaɗa ɗan gishiri yana taimakawa, in kin yi haka ki tuna lokacin girki. Ki riƙa juyawa daga rana ta biyu, ki shigar da shi ɗaki da magariba saboda raɓa. Cikin kwana huɗu zuwa mako guda ya gama. Kaji da awaki kuwa, sai kin sa yaro gadi.

Yaya zan ajiye shi ya kai damina bai lalace ba?

Danshi ne abokin gabarsa. Ki tabbatar ya bushe sosai, ki bari ya huce daga zafin rana, sannan ki zuba a bokiti mai murfi ko kwalba, ki ajiye a wuri mai duhu nesa da murhu. Ki raba shi gida biyu, na amfanin yau da kullum a ƙaramin mazubi, don kada a yi ta buɗe babban. Kada a sa jiƙaƙƙen hannu ko cokali. Idan damina ta yi nisa, duk ranar da aka samu rana mai kyau ki fito da shi ya sha na 'yan awoyi. Gari ya fi saurin jan danshi ya dunƙule, shi ya sa na fi son daka na wata ɗaya kawai.

In kin buɗe kin ga funfuna ko kin ji warin ruɓa, ki zubar. Wanki da tafasawa ba sa kawar da gubar da wasu nau'o'in funfuna ke bari.

Maigida ya ce shi ba ya cin miyar kauɗa. Akwai dabara?

Akwai yiwuwar an taɓa ba shi mai yashi ne, irin wadda na ba uwar mijina. Ki fara da haɗi: kashi ɗaya busasshe, kashi biyu ɗanye, da tattasai isasshe. Mako mai zuwa ki mayar rabi da rabi. Ki fara da dafa-duka ko taushe, inda ba launin miyar ake fara kallo ba. Idan ya cinye ya nemi ƙari, sannan ki gaya masa, ki kuma nuna masa abin da ya ragu a kuɗin cefane.